Rabe-Raben Duniyoyi a Ƙagaggun Labaran Kimiyya: Ina Gizo Yake Saƙa?

Tun da Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, inda Kolin Koliyo ya ɗauki Kilba zuwa sararin samaniya, marubutanmu ba su cika taka wannan fage ba. Masu niyyar shigarsa kuwa, mun lura daga finafinan Turawa suke aro mudun awon duniyoyinsu.

A Star Trek, duniyar da ɗan Adam zai iya rayuwa a cikinta ajin "M" ake sa ta. A Star Wars kuwa kowace duniya fuska ɗaya gare ta: Tatooine rairayi zalla, Hoth ƙanƙara zalla, Dagobah fadama. Wannan ya yi wa mai fim daidai, domin da ganin hoto ɗan kallo ya san inda aka kai shi. Amma ga mai alƙalami, mu dai a ganinmu ragwanci ne.

Mu ɗauki ƙasar Gumel. Baƙon da ya ratsa ta da rani zai ce ai duk rairayi ne. Manomin Ɗanzomo dariya zai yi masa. Shi ya san jigawa inda gero da riɗi suke yi, ya san faƙo da ruwa ba ya ratsawa, ya san kwari inda danshi yake daɗewa, duk a tafiyar hantsi guda. Rabonsa na abin da ƙasa za ta ciyar da shi ne. To, ina ga duniya sukutum?

Ba muna cewa haramun ne a ƙaga duniyar hamada ba. Frank Herbert ya yi haka a Dune (1965), sai dai bai tsaya ga laƙabi ba. Ƙishirwar Arrakis ta shiga komai: tufarsu tana tace gumi a sake sha, ruwan jikin mamaci na jama'arsa ne, tofa yawu a gaban mutum kuwa girmamawa ce, tunda ruwanka ka ba shi.

Kasuwar Maigatari tana cika ranar Alhamis ne saboda makiyayin Nijar yana da dabba, manomi yana da hatsi. Marubucin da ya ce duniyarsa ba a ruwan sama, sai ya gaya mana wa yake da rijiya, me ake kaiwa kasuwa, da me kuma ake biyan sadaki.