Narambaɗa ko Shata: Da Wane Mudu Ake Auna Makaɗi?

A 2023 mujallar Rolling Stone ta Amurka ta jera makaɗan jita 250 da ta ce sun fi kowa, ta ɗora Jimi Hendrix a kai. Gardama ta kaure, kowa na cewa an tauye nasa gwanin. Mu a nan, irin wannan gardama ba baƙon abu ba ce. A Isa ko Sabon Birni, ka ce Mamman Shata ya fi Ibrahim Narambaɗa a majalisar dattawa, ka ga yadda hira za ta yi zafi. A Funtuwa kuwa, juya maganar kawai za ka yi.

Makaɗan da kansu suka fara wannan gasa. Narambaɗa yana da Bakandamiyarsa, Shata ma yana da tasa, kowanne ya wasa kansa ya ce babu na biyunsa. Fada ma tana jera su: akwai Sarkin Kiɗa, akwai Sarkin Taushi, kamar Salihu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi. Sai dai wannan sarauta ce, sarki ke naɗa wanda ya ga dama. Rawani bai taɓa raba gardamar iyawa ba.

Matsalar ita ce ba aiki ɗaya mutanen biyu suke yi ba. Narambaɗa, mutumin Tubali a ƙasar Isa ta wancan lokaci, makaɗin kotso ne, ubangidansa Sarkin Gobir na Isa Amadu Bawa. Kotso fuska ɗaya gare shi, ana manna masa nake a tsakiyar fata, ana kaɗa shi da hannu. Sautinsa ba ya hayaniya, yana barin magana ta fito. Kuma dubi yadda ake gina waƙar: jagora ya ɗauko ɗa, kafin ya dire 'yan amshi sun karɓe sun ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari, sannan a koma gindin waƙa. Wannan sai an zauna an shirya, an maimaita har ya zauna a bakin kowa. Shata kuwa da kalangu yake, 'yan amshinsa gindin waƙa kawai suke riƙe masa, shi ke zubo ɗiya nan take, ya yi wa sarki, ya yi wa direba, ya yi wa ɗan kasuwa. Ɗaya magini ne da ke aza tubali a tsanake, ɗayan ruwan sama ne. Wanda ya ce a auna su da mudu ɗaya, sai ya fara faɗa mana abin da yake aunawa: zurfin azanci ko saurin ƙirƙira?

Ga kuma abin da masu gardama suke mantawa. Narambaɗa ya rasu a farkon shekarun 1960, abin da aka ɗauka na muryarsa kaɗan ne. Shata ya kai 1999, ya ci zamanin rediyo da faifai da kaset da talabijin, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Yawan abin da ke kunnen mutane ba shi ne yawan abin da makaɗi ya yi ba. Harshe ma yana da nasa: Bakano na iya jin Narambaɗa ya wuce zambo sukutum bai san an soki wani ɗan sarki ba, alhali Bagobiri tuni ya yi murmushi. ('Yan amshin kuwa, da rabin aikin ke wuyansu, ba a ko sako su cikin lissafi.)

To, ashe ba a iya cewa wani ya fi wani? Ni ban yarda da masu wannan kawaici ba. Ana iyawa, in an tsaya cikin gida ɗaya. Ɗan Anace a kiɗan dambe, Kassu Zurmi a na farauta da tauri, Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, kowa da fagensa, kuma 'yan fagen sun san gwaninsu. A kiɗan fada ana da abin dubawa: yadda makaɗi ke jero asalin ubangida, kaifin zambo da habaici ba tare da ashar ba, dacewar jagora da mataimakansa, da ko waƙar ta rayu bayan sarkin da aka yi wa ita. A nan Narambaɗa zai kara da Jankiɗi da Aliyu Ɗandawo da Sa'idu Faru da Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991 kuma ya fi su duka yaɗuwa a ƙasar Hausa.

A wannan fage Narambaɗa na zaɓa, ba don bangaranci ba. Wanda ya iya ɗaukar doki, kamar a waƙar Dokin Iska Ɗanhilinge, ya mai da shi abin da malaman jami'a ke nazari har yau, ya gama nuna iyawa. Amma in tambayar ita ce wa ya fi tsakaninsa da Shata, ba a fage ɗaya suka yi kokawa ba, don haka babu wanda ya ka da wani.