Inda Waƙoƙin Wa'azi Su Kan Gajarta

Imfiraji na Malam Aliyu Namangi na Zariya da kuma Gangar Wa'azu sun gwanance wajen tuna mana mutuwa da Hisabi. Amma galibin waƙoƙin wa'azi tsoratarwa su ke yi, bayani kaɗan. Wani lebura a Bompai ya tambaye ni, in an rubuta aikinsa tun ba a haife shi ba, ina laifinsa da zai dawwama a Wuta? Malaman tauhidi sun amsa tuntuni: Allah ke halittar aiki, bawa ke zaɓensa, a kan zaɓin nan a ke sakamako. Mumini mai zunubi kuwa ba ya dawwama a Wuta. Jama'a, mai irin wannan tambaya a zaunar da shi a ba shi amsa, kada a ce ya kafirta.