Baba, Bugu da Allura a Ƙasar Rano

A labarin Hausa Bakwai, da aka raba wa 'ya'yan Bawo aiki, Katsina da Daura suka samu kasuwa, Gobir yaƙi, Kano da Rano kuwa aka ba su sarautar baba. Ko me masana za su ce kan ingancin labarin, ya nuna abin da magabata suka san ƙasar nan da shi: gonar baba da marina. Yau yaro zai tashi a Rano ko Kibiya har ya yi aure bai taɓa ganin an tsoma zane a ramin rini ba.

Wanda ke son ganin aikin da ransa sai ya nufi Kura, ko ya shiga birnin Kano zuwa marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take. Ramin ya fi tsayin mutum nesa ba kusa ba, an shafe cikinsa da laso don kada ruwa ya tsiyaye. A zuba ruwa da toka da busasshen baba, a bar shi kwanaki yana ruɓa, marini na dama shi da muciya har kumfa ta taso. Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne zanen ba shuɗi yake fitowa ba. Da ruwan ganye-ganye yake fitowa, sai ya sha iska sannan ya juye a gaban idonka. A sake tsomawa, a sake ɗagawa, har ya yi duhun da ake so.

Turkuɗin Kura shi ne ƙololuwar wannan fasaha. Ana saƙa ƙyalle siriri kamar faɗin yatsa, a ɗinke ɗaya gefen ɗaya, a rina, sannan a kai mabuga. Can mabuga ke zama sahu a gaban gungumen itace, suna barbaɗa garin shuni suna bugu da tabare masu nauyi, sautin na tashi a jere, har zanen ya ɗauki ƙyallin ƙarfe. Shi ne rawanin da Buzayen Agadas ke naɗawa, wanda ke barin shuɗi a fatarsu. Barth, Bajamushen da ya iso Kano a 1851, ya rubuta yadda tufafin ƙasar nan ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus, kuma a 1975 Philip Shea ya yi digirinsa na uku a kan wannan ciniki na rinannen tufafi, inda ya nuna rawar da garuruwan karkara suka taka.

A ganina, kuskuren masu kukan mutuwar rini shi ne marina kaɗai suke kallo. Zane ɗaya hannu nawa yake bi? Manomin auduga, tsohuwa mai kaɗi da mazari, masaƙi, maɗinki, manomin baba, marini, mabugi, sannan dillali. Kaɗi ne ya fara faɗuwa da zaren inji ya shigo. Shunin bature, wanda kamfanin BASF ya fara sayarwa a 1897, ya rage wa gonar baba daraja, daga baya atamfa da shadda masu araha daga Sin suka cika Kantin Kwari. Marinin da babu manomi a bayansa dole ya koma ga garin gwangwani.

Amma hannu bai mutu ba, wuri ya sauya. A shiga gidajen aure a Kibiya ko Rano bayan azahar, za a tarar da mata da 'yan mata a kan tabarma, hula a gwiwa, suna bin zanen da aka yi musu da biro, allura ɗaya bayan ɗaya. Hula mai kyau takan ci makonni. Haka ma zanen ɗauri da ake kai wa marina a birni, mata ne ke ƙulla shi a gida da zare kafin a tsoma, su ke ƙirƙiro sabon fasali. Wannan shi ne adon tufafi na zamaninmu, kuma abin da ke ci mini rai shi ne sunan mai ɗinkin ba ya bin hular zuwa kasuwa, kuɗin da ke isa hannunta kuma bai kai wahalar idonta ba.

Don haka mai saye ya yi ƙoƙarin sanin hannun da ya yi aikin. A Kasuwar Kurmi ana samun saƙi da gwado da rinannen zane, amma a juya bayan hula a duba ƙullin zaren, a tambayi marini ko da baba ya yi. Wanda ya samu hanyar saye kai tsaye daga mai ɗinki, kada ya matse ta a ciniki. Mai son kallo ya halarci hawan sallah a Rano, ya dubi rawunan hakimai da aska takwas a ƙirjin manyan riguna. Gidan Makama ma na ajiye da tsofaffin kaya.

Koyo kuwa har yanzu ta hanyar da aka gada ake yinsa: uba ya kai ɗansa wurin maigida, yarinya ta zauna kusa da gwaggonta. Tun da masarautar Rano a tsarin 2024 ta ƙunshi Rano da Kibiya da Bunkure, ina ganin da hakimai za su ware 'yan kadadu don noman baba, su haɗa manoman da marinan Kura da na Ƙofar Mata a kan farashi tun kafin shuka, da matasa sun samu dalilin shiga.