Dakarkari Ko Lelna: Sharhi Kan Sunan Da Harris Ya Bari A Takarda

A shekarar 1938 ne P. G. Harris, ɗaya daga cikin ma'aikatan mulkin mallaka a Lardin Sakkwato, ya buga maƙalarsa mai suna "Notes on the Dakarkari Peoples of Sokoto Province, Nigeria". Har yanzu da wuya a sami ɗalibin da zai rubuta kundi a kan ƙasar Zuru bai leƙa ta ba, kuma ta cancanci hakan, domin ta adana bayanan al'adu da yawa waɗanda da sun salwanta. Sai dai akwai matsala a cikin take ɗin kansa, wadda masu nazari suka gada ba tare da sun tsaya sun auna ta ba.

Mutanen da ake magana a kansu ba su kiran kansu Dakarkari a harshensu. Mutum ɗaya K'lela ne, jama'a Lelna, harshen C'lela, ƙasar kuwa A'lela. Dakarkari suna ne na Hausa, da ƙirar Hausa: Badakkare, Badakkariya, Dakarci. Bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne cewa daga "dakare" aka samo shi, watau mayaƙin ƙasa wanda ba ya bisa doki, kuma ana danganta wannan da rundunar Kanta na Kabi a ƙarni na 16. Idan haka ne, to asalin kalmar ba zagi ba ne, kusan ma kirari ne. Tarihin baya-bayan nan bai ƙaryata kirarin ba, ganin yadda ƙasar Zuru ta yi suna wajen aikin soja, har ta fitar da Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar sojojin ƙasa ta Nijeriya daga 1996 zuwa 1999.

To, ta ina ƙyama ta shigo? Ba daga tushen kalmar ba, daga bakin mai faɗinta ne. Sunan da mazaunin birni ya laƙaba wa mazaunin tsauni yakan ɗauki duk abin da ke zuciyar na birnin: ƙauyanci, rashin sutura, rashin addini, da cancantar a kai wa mutum hari a kamo shi. Bayan an daɗe ana faɗar kalma da irin wannan murya, sai muryar ta liƙe mata, ko da an manta da dakarun Kanta. Hausa na da misalai birjik. Daga Gwari aka ƙero "gwaranci", watau maganar da ba ta fita daidai, shi ya sa masu sunan suka tsaya a kan Gbagyi. "Ƙabila" a Larabci kowace al'umma ce, har da Ƙuraishawa, amma a bakin mutane da yawa a Kano ko Zariya ta koma tana nufin wanda ba Bahaushe ko Bafulatani ba, galibi kuma ba Musulmi ba. Haka Kaje ya koma Bajju, Katab ya koma Atyap, Yergam ya koma Tarok. A Amurka ma kalmar "Negro", wadda Martin Luther King ya yi amfani da ita a jawabinsa na 1963 ba tare da kowa ya ɗaga gira ba, ba ta cika shekara goma ba aka fara guje mata.

Laifin Harris, in har laifi ne, bai tsaya ga aron sunan Hausa ba. Kusan duk Turawan zamaninsa ta bakin tafinta Bahaushe suke jin ƙasa, saboda haka da idon Bahaushe suke ganinta. Babban abin suka shi ne jam'in da ya sa a take, watau "Peoples". Da wannan jam'i ya tattara Lelna da maƙwabtansu irin su Fakkawa da Bangawa a ƙarƙashin inuwa ɗaya, alhali harsunansu dangi ne kawai, ba abu guda ba. Sunan da a kasuwa yake sako-sako, kowa na miƙa shi yadda ya ga dama, sai ya shiga takarda ya daskare. Gunn da Conant sun bi wannan sawu a littafinsu na 1960, Carl Hoffmann kuma ya kira harshen Dakarkari a nazarinsa na azuzuwan suna a 1967. Ko a yau da masana harshe suka koma rubuta C'lela, lambar da aka ba harshen a rajistar harsunan duniya ita ce "dri", ragowar tsohon sunan.

Duk da haka, kuskure ne a yanke hukunci cewa kalmar ta zama zagi ɗungurungum. Lelna da yawa idan suna Hausa sukan ce su Dakarkari ne, da alfahari kuwa, musamman in zancen jarunta ya taso, ko na golmo, watau noman da samari kan yi shekaru suna yi wa surukai kafin aure. Tsakanin Bazamfare da Badakkare akwai wasan barkwanci, a nan kuwa sunan kayan wasa ne, ba wanda zai riƙe shi a zuci. Kalmar guda ce, amma nauyinta a filin bikin Uhola daban, a bakin baƙon da ya faɗe ta yana yatsina daban. Ƙamus ba ya iya rubuta yatsina, wannan shi ne iyakar taimakon da zai yi wa mai nazari.

Rubutun ilimi kuwa ba shi da murya balle a gane wasa ake yi. Malamin da ya rubuta "Dakarkari" a kundi ya zaɓi sunan da maƙwabci ya bayar a kan wanda mai abu ya ba kansa, ko ya yi niyya ko bai yi ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a rubuta Lelna da C'lela idan su kaɗai ake nufi, a ambaci Fakkawa da sauransu kowa da sunansa, a bar "Dakarkari" ga wuraren da ake bayanin abin da Harris da tsararrakinsa suka rubuta, tare da nuna shekarar da suka rubuta shi.