Marubutan da Ba Su San Jaruminsu Ba

Marubucin littafi ko na fim yana fara aiki ne da sanin jaruminsa. Ya san sunansa, ya san ɗan gidan wa ne, ya san abin da zai harzuƙa shi. Amma akwai marubutan da aka hana wa wannan gata, su ne masu rubuta labarin wasannin bidiyo na nau'in da ake kira RPG, inda mai wasa yake ƙera mutuminsa da kansa kafin a fara: namiji ko mace, mayaƙi ko ɓarawo ko mai sihiri, mai tausayi ko mugu. Aikinsu tamkar na tela ne da aka ce ya ɗinka riga ɗaya ba tare da ya auna kowa ba, kuma duk wanda ya sa ta ya ji kamar don shi aka yanka. A ganina, cikin sana'o'in ba da labari na zamanin nan kaɗan ne suka kai wannan wuya.

Asalin abin a kan tebur yake. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka. Abokai su zauna, kowa da takardar da aka rubuta ƙarfin mutuminsa da basirarsa, ɗaya daga cikinsu kuma ya riƙe ragamar labari. In wani ya ce shi ba zai yaƙi mai gadi ba, cin hanci zai ba shi, sai mai ragama ya ƙago amsa nan take. Da aka mayar da wasan cikin kwamfuta, sai aka rasa wannan mutumin. Dole marubuci ya zauna tun shekaru kafin wasan ya fito, ya hango duk wani wayo da rigima da za su zo wa mutanen da bai taɓa gani ba, ya tanadi amsar kowanne.

Wasu dabarun masu sauƙi ne. A Skyrim, wanda kamfanin Bethesda ya fitar a 2011, a ɗaure ake fara nuna ka cikin keken doki, ana kai ka wurin kisa. Sojan da ke riƙe da jerin sunaye ya duba bai ga naka ba, ya tambaye ka ko kai wane ne, a nan ne ake ba ka damar zaɓen ƙabila da kamanni. Hikimar ita ce kowa na iya zama fursuna, don haka labarin bai ƙaryata tarihin da ka shirya wa kanka ba. Matsalar suna ma da maganinta. A Mass Effect na 2007, kamfanin BioWare na Kanada ya bar maka sunan yanka, ya riƙe na biyu, wato Shepard, domin masu ɗora murya su sami abin da za su kira ka da shi.

Gwanintar gaske tana gaba. Za a iya barin ka ka ɓata awa guda kana gyara tsinin hanci da launin ido, amma in ka shiga gari babu wanda ya lura da abin da ka zaɓa, to kwalliya kawai aka yi maka. Wajibi ne duniyar wasan ta gane ka.

Fallout na 1997, wanda Tim Cain ya jagoranta a kamfanin Interplay, har yau abin koyi ne a wannan fage. Ana ba ka maki ka rarraba tsakanin siffofi bakwai, ciki har da basira, daga 1 zuwa 10. In ka bar basirar mutuminka ƙasa da 4, sai maganganunsa su koma gurnani da guntayen kalmomi, mutanen gari kuma wasu su tausaya masa, wasu su kore shi. Ke nan marubutan sun zauna sun sake rubuta tarin hirarraki saboda 'yan tsirarun da za su gwada wannan hanya. A Fallout 2 na 1998 suka ƙara da abin da ya fi burge ni. A garin Klamath akwai wani mai tsaron shanu, Torr, wanda kowa ke ɗauka dolo ne. In naka mutumin shi ma dolon ne, sai hirarsu ta fito a rubuce cikin fasaha da ladabi, don su biyun suna fahimtar juna sarai. Wanda ya zaɓi mai kaifin basira ba zai taɓa ganin wannan ba.

Hatta ƙarshen Fallout na farko yana sauraron irin mutumin da ka gina. Babban abokin gaba, wanda ake kira Master, yana so ya mayar da 'yan Adam wasu ƙattan halittu da yake ganin su ne za su gaji duniya. Kana iya yaƙarsa da bindiga. In kuwa ka samo hujjar likitanci cewa halittun nan ba sa haihuwa, kuma bakinka ya iya zance, sai ka tabbatar masa cewa shirinsa ya mutu tun daga tushe, shi kuma ya hallaka kansa.

Wani zai ce ai babu kamfanin da zai iya rubuta labari dabam ga kowane mai wasa. Gaskiya ne, shi ya sa ake tufka labarin, a raba shi, a sake haɗe shi. Dragon Age: Origins na 2009 yana da mafari shida, daga ɗan gidan sarauta har talakan ƙarƙashin ƙasa da ba shi da daraja a idon mutanensa. Duk shidan a sansanin Ostagar suke haɗuwa, hanya ta zama ɗaya. Sai dai can gaba, idan aka zo kan wani basarake maci amana mai suna Howe, mafi yawan masu wasa mugu ne kawai suke gani a gabansu, shi kuwa wanda ya fara a gidan sarautar 'yan Adam, mutumin da ya kashe masa iyaye yake kallo. Ɗaki ɗaya ne, faɗa ɗaya ne, amma abin da ke cikin ƙirjin masu wasan biyu ya sha bamban, kuma jimloli kaɗan ne aka sauya don a kai ga haka.

Ba na raina wasannin da suka ɗauki jarumi shiryayye. Geralt na The Witcher 3, wanda ya fito daga littattafan Andrzej Sapkowski, yana da nauyin da mutumin da aka ƙera cikin minti goma ba zai samu da wuri ba. Sai dai marubucin Geralt ya san bakin da zai furta kalmominsa, nauyinsa ya ragu da rabi.

Inda sana'ar ta kai a yau, Baldur's Gate 3 ne ke nunawa. Kamfanin Larian na birnin Ghent a Beljiyam, ƙarƙashin Swen Vincke, ya fitar da shi a Agustan 2023, bayan ya bar mutane suna gwada kashin farko tun Oktoban 2020. Ƙabilu 11 ne, sana'o'in jarumta 12, kuma kamfanin ya ce hotunan hirarrakin da ke ciki sun kai awa 174. In ka zaɓi zama Drow, ƙabilar ƙarƙashin ƙasa da ake shakka saboda mugunta, dodannin goblin da ke tare wa kowa hanya sai su rusuna su ba ka wuri. Idan za ka yi ƙarya ko lallashi, a kan idonka ake jefa ɗan lido mai fuska 20, kamar yadda ake yi a tebur, in bai ba ka ba kuma labari bai tsaya ba, wata ƙofa yake bi da kai.

Dubi abin da suka yi da wasu 'yan gudun hijira a farkon wasan, waɗanda suka fake a wani kurmi, dodannin goblin na shirin afka musu. In ka kare su, za ka sake cin karo da su a wani masauki a kashi na biyu, sannan a babban birni, suna tuna abin da ka yi musu. A cikinsu akwai maƙeri Dammon, shi ne mai iya gyara injin da ke ƙirjin Karlach, ɗaya daga cikin abokan tafiyarka, a madadin zuciya. In kuwa ka haɗa kai da shugabar maharan, Minthara, aka karkashe su, Karlach da wani abokin tafiyarka, Wyll, sun bar ka ke nan har abada, duk hirarrakin da aka rubuta musu aka ɗauki muryoyinsu sun rufe a gare ka. Larian sun kashe kuɗi da shekaru a kan ɓangarorin biyu, suna sane da cewa mai wasa ɗaya a tafiya ɗaya guda kawai zai gani.