Aku da zane: shin Magana Jari Ce ya cancanci komawa ɗakin yaranmu?

Ambaliyar da ta biyo bayan fashewar madatsar Alau a watan Satumban 2024 ta cinye littattafai da yawa a gidajen Maiduguri, na addini da na boko. Yanzu da mutane suka fara mayar da abin da suka rasa, sai ga wata tambaya tana yawo a majalisu nan Hausari: a sake sayo wa yara littafin da dabbobi ke magana a ciki, kuma ga zanen masu rai? Wasu na cewa ai ƙarya ce tsantsa, gara a bar su da allo kawai. Littafin da aka fi nufi shi ne Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, don haka bari mu duba shi.

Imam ɗan Kagara ne, an haife shi a 1911, ya rasu a Zariya a 1981. Littafin juzu'i uku ne, ya fito daga Zariya tsakanin 1937 da 1939, wato ya girmi iyayen da yawa daga cikinmu. Ginshiƙinsa aku ne. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri kuma ya ƙulla makircin da zai sa yaron ya fita a kama shi. Duk lokacin da Musa ya yi shirin fita, sai akun ya tsare shi da labari har gari ya waye. A nan gwanintar take. Yaro mai karatu ba ya jin ana yi masa wa'azi, shi dai yana so ya ga ko yau Musa zai kuɓuce wa akun, sai ya tsinci kansa ya cinye shafi ashirin bai sani ba.

To, maganar ƙarya. Jama'a, ƙarya ita ce ka faɗi abu don a ɗauka gaskiya ne alhali ba haka ba. Wa ya taɓa karanta labarin jaki da sa ya fita yana neman jakin da ke ba da shawara? Jaki ya ce wa sa ya yi ciwon ƙarya don ya huta da noma, sai maigidan, wanda ke jin maganar dabbobi, ya ɗaura wa jakin garmar. Kowane ɗan kasuwa a Monday Market ya san irin wannan jakin, mai koya wa wani dabara ta dawo kansa. Misali ne, kuma malamai sun daɗe da saninsa. Kalila wa Dimna, wanda Ibnul Muƙaffa ya mayar Larabci tun ƙarni na 8, diloli biyu ne ke ɗauke da shi, kuma ba a daina karanta shi a ƙasashen Musulmi ba. Imam ma ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai da na Indiya, ya sa musu rawani da babbar riga har ba ka gane baƙi ne.

Zane kuwa, a nan ne nake da magana biyu. Ta fuskar hukunci, abin da muka karanta a mazhabar Malikiyya shi ne an tsananta a kan gunki mai inuwa, cikakken jiki. Zanen da ke kwance a takarda bai kai nan ba, duk da akwai malaman da suka ƙi shi. Wanda ya zaɓi tsantseni ba za a zarge shi ba, amma shi ma kada ya kafirta maƙwabcinsa a kan hoton aku. Ta fuskar aiki kuma, gaskiya zanen ba shi ne ƙarfin littafin ba. Wata Baturiya 'yar Beljiyam ce ta yi shi, baƙi da fari, jefi-jefi. Yaron yau da ya saba da katun mai launi a wayar uwarsa zai wuce shi bai ko tsaya ba. Abin ya fi muni a kwafin da ake bugawa ta bayan fage, inda fuskar mutum ta zama dunƙulen tawada, wani shafin ma a juye.

Akwai kuma abin da ba na so a ɓoye. Mata ba su sha da daɗi ba a hannun Imam. Kalalatu ta cinye kajin da aka dafa wa baƙo, ta haɗa mijinta da baƙon da ƙarya, kuma mai karatu dariya yake yi, ita ce ma ta ci riba. Irin wannan ya maimaitu: mace mai wayo, namiji wawa, ko mai dabara ya tsira da abin da ba nasa ba. Babba zai gane raha ce. Ɗan shekara tara fa? Shi ya sa ban yarda a miƙa wa yaro littafin a juya baya ba. A zauna da shi bayan isha'i, a karanta labari ɗaya, a tambaye shi wa ya yi daidai.

Amma Hausar, tabarkalla! Yaranmu na nan suna jin Hausar titi, gauraye da Barbarci da Turanci, kuma da yawansu ba sa iya karanta ta a rubuce. A wannan littafin za su haɗu da karin magana a mazauninta, da yadda ake gaida sarki, da kalmomin da kakanninsu suka zo da su daga Kano da Katsina da Haɗeja. Wanda ya girma ya gama juzu'i na uku, inda akun ya zama Waziri yana horar da ɗansa Fasih, sai a nemo masa Gandun Dabbobi, fassarar Bala Funtua ta 1975. Can aladu ne ke mulki, kuma ba na yara ba ne.

In za ku saya, ku nemi bugun kamfanin NNPC na Zariya, ku buɗe ku ƙirga shafukan a gaban mai shago kafin ku biya. Ku fara da juzu'i na ɗaya. Na biyun, inda aku biyu ke gasar labari, ya ɗan yi wa ƙananan yara tsawo.