Kowa Ya Dawo Gida: Sharhi a Kan Ƙarshen Wasan Mass Effect 2

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa nazarin ƙagaggen labari ya san cewa ƙarshen labari a hannun marubuci yake. In ya ga dama ya kashe tauraronsa, in ya ga dama ya ɗaura masa aure, mai karatu kuwa sai haƙuri da abin da aka ba shi. To amma akwai wani nau'in labari da ya bunƙasa a Turai da Amurka wanda ya sauya wannan tsari, watau wasan kwamfuta irin wanda ɗan wasa yake shiga rigar tauraro, ya yi magana da bakinsa, ya yanke shawara a madadinsa. A irin wannan wasa labari ɗaya yakan zo da ƙarshe iri-iri, wani mai daɗi, wani mai ɗaci. A shekarar 2005, lokacin da kamfanin Microsoft ya fito da na'urar wasa ta Xbox 360, sai aka ƙara wani abu a kai, watau lambar yabo wadda takan bayyana a allo in ɗan wasa ya cika wani sharaɗi, a kuma rubuta ta ƙarƙashin sunansa inda abokansa za su gani. Kamfanin Sony ma ya bi sahu a 2008.

Nufin wannan ɗan sharhi shi ne a duba abin da yake samun labari in aka rataya wa kyakkyawan ƙarshensa lambar yabo. Misalin da za mu ɗauka shi ne Mass Effect 2, wanda kamfanin BioWare na birnin Edmonton a ƙasar Kanada ya fitar a watan Janairu na 2010. Lambar da ake magana a kanta sunanta No One Left Behind, ma'ana ba a baro kowa a baya ba.

Gundarin Labari

An gina labarin a shekarar 2185, zamanin da 'yan Adam suka yaɗu cikin taurari. Tauraron shi ne Kwamanda Shepard, wanda ɗan wasa ke iya mayarwa namiji ko mace. Wasu halittu da ake kira Collectors suna ta kwashe mutanen garuruwa ɗungurungum, su wuce da su ta wata mashiga mai suna Omega 4, wadda babu jirgin da ya taɓa ratsa ta ya komo. Aikin Shepard shi ne ya tara mayaƙa, ya ratsa mashigar cikin jirginsa Normandy, ya ci maƙiyan a gidansu. Mayaƙan su goma ne, in aka haɗa da biyun da aka ƙara daga baya su zama 12. Tun daga farko kowa a cikin labarin yana faɗa cewa wannan tafiya ta sayar da rai ce.

Kafin ɗan wasa ya dawo da kowa lafiya, sai ya kiyaye abubuwa uku. Na farko, kowane mayaƙi yana da wata damuwa tasa da zai roƙi Shepard ya taya shi warwarewa, in an warware sai ya ba da amanarsa. Na biyu, sai an yi wa jirgi sabon sulke, da sabuwar garkuwa, da sabuwar igwa. Duk wanda aka bari daga cikin ukun, mayaƙi ɗaya zai mutu tun kafin a sauka. Na uku, in an isa sansanin maƙiya sai an ba kowa aikin da ya dace da shi: wanda zai bi ta bututu ya buɗe ƙofa, da wanda zai ja ragamar runduna ta biyu, da wanda zai riƙe laimar tsaro a kan sauran. In aka yi sakaci da yawa har mayaƙan da suka tsira ba su kai biyu ba, Shepard kansa ba zai dawo ba.

Abin Yabo

Ya kamata a fara ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Zubin wannan wasa yana da ƙarfi ƙwarai, domin kusan duk abin da aka yi a tsakiyar labari yana da sakamako a ƙarshensa. Damuwar mayaƙan kuwa ba ta shiririta ba ce. Da dama daga cikinsu sun shafi iyaye da 'ya'ya ne. Thane yana son ya hana ɗansa bin sana'arsa ta kisan kai. Samara tana farautar 'yarta ta cikinta domin ta kashe ta. Jacob ya je neman ubansa da ya ɓace, ya tarar da abin kunya. Tali kuwa ana tuhumarta da cin amanar jama'arta saboda aikin da ubanta ya yi. Kafin a kai ƙarshe, ɗan wasa ya san waɗannan taurari ciki da bai, saboda haka mutuwar ɗayansu takan taɓa shi.

Bugu da ƙari, rabon aiki a sansanin maƙiya jarrabawa ce ta sauraro. Jacob yakan miƙa kansa ya ce zai bi ta bututu, alhali ba fanninsa ba ne, in aka tura shi ya mutu. Zaeed tsohon sojan haya ne mai yawan yaƙe-yaƙe, mutum zai ɗauka ya isa jan runduna. Amma wanda ya zauna ya saurari hirarsa ya san labaransa sukan ƙare ne da shi kaɗai ya tsira. A nan marubutan sun yi abin da ake so ga mai ƙaga labari, watau halin tauraro ne yake jawo abin da ya same shi.

Inda Lambar Ta Yi Ɓarna

Duk da haka, a ganina lambar yabon ta rage wa labarin armashi ta fuska uku.

Ta farko, ta tona asirin ƙarshe tun ba a fara ba. Jerin lambobin yabo a buɗe yake, ɗan wasa yana iya karanta shi tun ranar da ya fara wasan. To, ga taurari suna ta faɗa cikin alhini cewa ba kowa ne zai dawo ba, ga kuma jerin lambobi yana shaida wa mutum cewa kowa na iya dawowa. Wanne zai gaskata? Da zarar ya san haka, mutuwar mayaƙi ta tashi daga ƙaddarar labari ta koma kuskuren ɗan wasa. Wanda ya ga Mordin ya faɗi ba zai tsaya juyayi ba, zai koma inda ya ajiye wasansa ne ya sake lale. Labarin da aka gina a kan sadaukar da rai ya zama jarrabawar da ake maimaitawa har a ci.

Ta biyu, ta mayar da amana kamar kuɗin saye. Mu ɗauki shari'ar Tali. Shepard ya samo shaidar da za ta wanke ta, amma shaidar za ta zubar da mutuncin ubanta da ya rasu, ita kuma ta roƙe shi ya ɓoye. Wannan matsala ce ta gaske: a faɗi gaskiya a ɓata wa abokiya, ko a rufa asiri a bar ta a kore ta daga cikin danginta? Amma mai farautar lamba ba zai ma auna ba, tun da ya san miƙa shaidar zai sa ya rasa amanarta. Na Zaeed ya fi muni. Matatar mai ta kama da wuta, ma'aikata suna ciki, shi kuwa Zaeed so yake a bi abokin gabarsa a bar su. In Shepard ya tsaya ceton ma'aikatan zai rasa amanar Zaeed, sai fa in yana da isasshen makin kirki da zai lallashe shi. Ashe ke nan hanyar kyakkyawan ƙarshe tana iya bi ta kan gawarwakin bayin Allah. Haka kuma rigimar Miranda da Jack, da ta Tali da Legion, ba a raba su ba tare da ɓata wa ɗaya ba sai da maki mai yawa na kirki ko na tsiya. Wannan yakan sa ɗan wasa ya riƙe hali ɗaya tun daga farko har ƙarshe, ko da zuciyarsa ba ta kwanta da amsar da yake zaɓa ba, don kawai kada makinsa ya gaza.

Ta uku ita ce wadda ta fi ba ni mamaki, watau su wa lambar take ƙirgawa a matsayin "kowa". Ana gab da ƙarshe maƙiya sukan shiga Normandy su kwashe ma'aikatan jirgin, har da mai dafa abinci da masu kula da inji. In Shepard ya bi su nan take, duk za a cece su. In ya yi ɗan jinkiri, rabinsu za su halaka. In jinkirin ya yi yawa, likitar jirgin ce kaɗai za ta rage. To amma lambar ba ruwanta da wannan, mayaƙa kawai take lissafawa. Mutum yana iya barin ma'aikatansa su narke a hannun maƙiya, a kuma ba shi shaidar cewa bai baro kowa a baya ba. Ko marubutan sun nufa ko ba su nufa ba, lambar ta raba taurarin gida biyu, masu suna da talakawa, ta kuma nuna ran wa yake da daraja.

A ƙara da cewa matakin ƙarshe, inda sauran mayaƙa suke tsare ƙofa, da wani ɓoyayyen lissafi ake yanke shi. Kowane mayaƙi yana da adadin ƙarfinsa, Grunt da Garrus da Zaeed a sama, Mordin da Tali da Jack da Kasumi a ƙasa. Shi ya sa masu neman lambar sukan tura Mordin ya raka ma'aikata jirgi, don a raba shi da wurin. Dabara ce mai kyau, amma ta mai lissafi ce, babu abin da ya haɗa ta da labari.

Kwatanci

Domin a ga abin da aka rasa, ba sai an je nesa ba. A kashin farko na wannan wasa, wanda ya fito a 2007, akwai wurin da ake kira Virmire inda tilas Shepard ya zaɓi ɗaya tsakanin mayaƙansa biyu, Ashley da Kaidan, ɗayan kuwa ya mutu. Babu sulke, babu maki, babu wayon da zai fid da su duka. Wannan zaɓi yana da nauyin da dukan harin ƙarshe na kashi na biyu ba shi da shi ga wanda ya san sirrinsa. Masu nazarin adabinmu sun san irin wannan nauyi. A littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, uwar Umar ta sha wahalar duniya tana neman ɗanta, ta kuma rasu jim kaɗan bayan ta gan shi. Da marubucin ya ba mu hanyar ceton ta, da zafin bautar da littafin yake nunawa ya ragu.

Akwai kuma wata hanyar da kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Folan ya bi a wasan The Witcher 3 na 2015. A can makomar Ciri, yarinyar da tauraron wasan Geralt ya riƙa kamar 'yarsa, ta rataya ne a kan waɗansu ƙananan abubuwa: ko ya yi wasan jifa da curin ƙanƙara da ita lokacin da take baƙin ciki, ko ya raka ta kabarin wani saurayi da ya taimake ta, ko ya bar ta ta shiga taron matsafa mata ita kaɗai. Ba a buga ƙararrawa a ce ga muhimmin zaɓi ya zo, ba a kuma ware lambar yabo domin tsirarta ba. Mutum yakan yi abin da ya ga ya dace da uba ne, sai daga baya ya ga abin da ya shuka. Wannan ma yana da nasa aibin, domin wasu sukan ga an hukunta su a kan laifin da ba su san sun yi ba. Amma ko ba komai, abin da ake aunawa halin mutum ne.

Kammalawa

Ba ina cewa kyakkyawan ƙarshe laifi ba ne, ko kuwa dole sai an yi kuka labari yake cika. Tatsuniyoyinmu da yawa da daɗi suke ƙarewa, ba su kuma rasa hikima ba. Abin da nake cewa shi ne, da aka ɗora wa ƙarshe ɗaya lamba, an riga an yanke wa sauran hukuncin cewa faɗuwa ne, alhali kuwa wasu daga cikinsu sun fi shi ma'ana. Shepard da ya tsaya ya ceci ma'aikatan matata, ya rasa amanar Zaeed, ya kuma rasa Zaeed ɗin a ƙarshe saboda haka, labarinsa ya fi na wanda ya dawo da kowa ta hanyar bin jadawalin da ya kwafo daga intanet.

Saboda haka shawarata ga ɗalibin da zai gwada wannan wasa, wanda aka sake fitarwa tare da 'yan'uwansa biyu a 2021, ita ce ya rufe jerin lambobin a karon farko, ya yi zaɓinsa tsakaninsa da zuciyarsa, wanda ya mutu kuma ya bar shi a mace har cikin kashi na uku. In ya so, a karo na biyu ya je farautar lamba. Ga masu sha'awar rubutu a cikinmu kuwa, darasin shi ne a yi hattara da nuna wa mai karatu tun da wuri cewa babu abin da zai rasa, domin daga ranar da ya san haka ya daina jin tsoro, labarin da babu fargaba a cikinsa kuwa da wuya ya zauna a zuciya.